Ido Ba Mudu Ba Ne

Masu iya magana kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da wannan karin magana ake kashe ciniki a kasuwar hatsi, da shi magini kan dubi bango ya ce ya miƙe, da shi kuma uwargida kan barbaɗa gishiri a tukunya ba tare da ta nemi cokali ba. Harkokin yau da kullum suna da yalwar da za ta haɗiye kuskuren kima, domin in gishiri ya zarce sai a ƙara ruwa. Akwai kuwa ayyukan da ba su da irin wannan yalwa, waɗanda a cikinsu ɗan ratar da ke tsakanin daidai da kusan daidai shi ne ke raba dawowa lafiya da tsintar tarkace. Wani matashi a Zariya ya koyi wannan darasi a kan wani jirgin sama na katako da ake sarrafawa da rimot, mai faɗin mita 2.6 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, wanda ya shafe wata goma sha huɗu yana ƙerawa a zauren baffansa.

Ba abin mamaki ba ne ɗan Zariya ya taso da sha'awar jirgi. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a garin, saboda haka yara sukan buɗe ido su ga ƙananan jiragen horo suna kewaya sararin unguwanninsu safe da yamma. Shi ma da jirgin kara da toto ya fara, irin wanda ake ɗaura wa zare a ja da gudu. Abin da ya bambanta shi da tsararsa shi ne baffansa, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran jiragen sama na gaske a Kaduna kafin ya yi ritaya. A lokacin da ake wannan labari yanar ido ta rage wa dattijon gani ƙwarai. Ba ya iya karanta lambobin awo, amma hannunsa da kunnensa suna nan garau, haka ma wata ɗabi'a da aiki ya dasa masa, ta ƙin yarda da duk abin da ba a auna an rubuta ba.

Kafin babban jirgin, matashin ya taɓa mallakar wani ƙarami mai faɗin mita ɗaya da rabi, kuma da shi ya koyi tuƙi har hannunsa ya faɗa. Wata rana jelarsa ta tsage, ya ɗinke ta da gam da ɓallin katako, ya ɗora jirgin bisa 'yan yatsu biyu, ya ga kamar ya zauna daidai, ya ce bismillah. Ko daƙiƙa ashirin bai yi a sama ba ya ɗaga hanci ya ƙi saukewa, ya yi tangaɗi, ya juyo ya dunguri ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda wasu yara suka taru suna kallo. Babu wanda ya ji rauni, sai dai matashin ya daɗe bai manta da fuskar wata yarinya mai tallar gyaɗa da tarkacen ya wuce ta gefen ƙafarta ba. Da ya kawo gutsattsarin gida, Baffa ya shafa jelar da aka gyara, ya jinjina ta a tafin hannu, ya ce, "Da me ka auna?" Ya ce da ido. Dattijon bai ƙara ko kalma ba, kuma shirun nan ya fi masa faɗa zafi.

Babban jirgin da ya ƙudura ƙerawa bayan shekara biyu kwaikwayon jirgin Extra 330 ne, daga zuriyar jiragen wasan alkafura da Bajamushe Walter Extra ya tsara, waɗanda samfurinsu Extra 300 ya fara tashi a 1988. Na gaskiyar mai kujera ɗaya yana da faɗin fiffike mita 7.5, nasa kuwa kashi 35 cikin ɗari ne na wannan girma. Irin waɗannan jirage ba na shawagi kawai ba ne. A gasannin da ake yi da su a Amurka da Turai, matuƙi yana tsaye a ƙasa yake zana siffofi a sararin sama: da'ira, miƙewa tsaye, mirginawa, tafiya a kife. Ana rubuta siffofin da alamomin da matuƙin nan ɗan Sifen, José Luis Aresti, ya ƙirƙiro, waɗanda hukumar wasannin sama ta duniya ta karɓa a 1964. Kowace siffa da maki 10 take farawa, alƙalai kuma su yi ta ragewa gwargwadon yadda jirgi ya kauce wa layi. Ke nan jirgin da aka ƙera domin wannan aiki dole ya zama ba shi da ra'ayin kansa: inda aka nuna masa nan zai bi, ko a miƙe yake ko a kife.

Sai da matashin ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da tarin da ya yi, sannan kuɗin kayan suka cika. Kayan sun iso a kwali a yayyanke, akasarinsu katakon balsa ne, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka ake samo shi. Itace ne marar nauyi har mutum ya yi zaton toto ne, ga shi kuma da ƙarfi in aka bi da shi ta tsawon jijiyarsa. Akwai filawud na wuraren da za su ɗauki wahala, da bututun kabon da zai ratsa gangar jiki ya riƙe fukafukan biyu. Sharaɗin farko da Baffa ya gindaya shi ne a sayo littafi da sikeli kafin a buɗe kwalbar gam. Kowane sallen balsa sai an ɗora shi a sikeli an rubuta nauyinsa a jikinsa, domin salle biyu masu girma ɗaya sukan bambanta ƙwarai. Masu nauyi aka ware wa gaba, marasa nauyi aka ajiye wa jela. Dalilin lissafin ma'auni ne: jela ta fi hanci nisa daga tsakiyar jirgi, don haka giram 10 da aka ƙara a can baya sai an biya shi da giram 30 ko fiye a gaba.

Sharaɗi na biyu shi ne teburin aiki. Matashin ya kawo tsohon ƙyauren ƙofa ya ce ya isa. Baffa ya sa aka ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya bi ƙarƙashinsa da ɗan yatsa, ya tarar da ƙyauren ya lotsa a tsakiya. Fiffiken da aka gina a kan lanƙwasasshen tebur lanƙwasarsa zai gada, kuma ba za a gane ba sai a sama, lokacin da jirgi zai riƙa mirginawa gefe ɗaya ba da umarnin kowa ba. Aka nemo gilashi mai kauri aka shimfiɗa, sannan aka fara jera haƙarƙarin fiffike a kan azararsa ɗaya bayan ɗaya.

Yanayin Zariya ma ya sa nasa hannun. An gina fiffiken dama da damina, lokacin da katako ya sha laima, na hagu kuwa sai da hunturu ya shigo, iska ta bushe har takarda na ƙara in an taɓa ta. Da aka gama aka lulluɓe su da ledar da ake mannawa da ɗan dutsen guga, ido bai ga bambanci ba ko kaɗan. Sikeli ne ya nuna ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da giram 40. A tafiyar kwance wannan ba zai dami kowa ba, amma in jirgi ya ja da'ira da ƙarfi nauyin komai yakan ninka sau da yawa, sai fiffike mai nauyi ya riƙa faɗawa gefensa. Aka rataye jirgin ta hanci da jela, aka yi ta ƙara ɗan nauyi a bakin fiffike marar nauyi har ya daina rinjaya.

Injin mai silinda biyu ne, girmansa ya ɗan haura sisi 100, wato kusan na babur ɗin 'yan acaɓa, kuma kamar ƙaramin janareta ake cuɗa masa fetur da baƙin mai. Farfelarsa ta kai santimita 70, in ta ɗauki juyi 6,500 a minti gudun bakinta yakan wuce kilomita 800 a awa. Wanda ya san haka ba zai ƙara kiran abin wasan yara ba. Wajen ɗaura injin matashin ya lura cewa zanen ya ce a karkatar da shi dama da kimanin digiri biyu da rabi, ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Baffa ya bayyana masa cewa farfela ba tura iska baya kawai take yi ba, murɗa ta take yi kamar igiya, iskar kuma ta zagaya gangar jiki ta bugi jela ta ɓangaren hagu, hanci ya riƙa kaucewa hagu. Karkatar da aka yi da gangan ita ke maganin karkatar da ba a so. Wannan ya tsaya wa matashin a rai, domin karo na farko ke nan da ya ga abin da ido zai kira kuskure ya zama shi ne daidai.

Daga nan aka shiga aikin da ya fi kowanne cin rai, wato haɗa laɓɓan sarrafawa. Jirgi yana da leɓe a bayan kowane fiffike mai sa shi mirginawa, da leɓen jela na kwance mai ɗaga hanci ko sauke shi, da leɓen jela na tsaye mai juya shi dama ko hagu. Kowane leɓe wata 'yar na'ura ce da ake kira sarbo take motsa shi, bisa saƙon da risiba ta karɓo daga rimot. A jirgi mai wannan girma sarbo biyu ake sa wa leɓen fiffike guda, kuma in ba su tafi tare ba sai su yi ta jayayya a ɓoye, su yi zafi, su zuƙe batir. Matashin ya kwana uku yana daidaita su da na'urar auna wuta, yana ɗan tsawaita sanda yana ɗan gajarta ta, har ƙugin da suke yi ya lafa. Baffa kuwa yakan kama kowane leɓe ya girgiza, in ya ji ɗan sako-sako a hinji ko a mahaɗin sanda ya ce a sake. Ya san abin da sako-sako ke haifarwa in gudu ya yi yawa: leɓe ya kama karkarwa, cikin ƙiftawar ido ya fizge, jirgi ya zama ba shi da linzami. An sa batir biyu domin in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe, an kuma saita risiba ta kashe inji da kanta da zarar saƙon rimot ya yanke. Kowane noti an ɗiga masa gam mai hana kwancewa, saboda jijjigar inji ba ta barin abin da aka ɗaure da ganganci.

Akwai kuma batun izini. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar da cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Ga wanda ya yi rayuwarsa a cikin jirage wannan ba abin muhawara ba ne, balle a garin da ɗalibai ke koyon tuƙi a sama kullum. Sai da takarda ta zo hannu, aka kuma sami wata gona mai nisa da gari da filin jirgi, wadda aka girbe aka share, mai ita da mai unguwa suka amince, sannan aka sa ranar Asabar.

Ranar Alhamis da daddare aka yi awon ƙarshe, wato neman cibiyar nauyi. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa duka ya taru, kuma dole wurin ya faɗo kusa da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike in aka auno daga gaba, ko ƙasa da haka kaɗan. In ya yi gaba da yawa jirgi yakan yi taurin kai, ya sauka da gudu. In ya yi baya, duk ɗan motsin da iska ta yi masa ƙaruwa zai yi maimakon ya lafa, har ya fi ƙarfin hannun matuƙi. Na farko ana iya gyara shi bayan an sauka, na biyu kuwa sau da yawa ba a samun saukar. Matashin da abokinsa suka ɗaga jirgin ta bakin fukafukai, suka ga ya kwanta lafiya lau. Baffa ya ce a yi yadda ake yi wa jirgin gaske: a daidaita shi a kwance, a sa sikeli ƙarƙashin kowace taya, a auna nisan kowace taya daga hanci, a yi lissafi. Nauyin ya tashi kilo 12.5, cibiyar kuma ta faɗo santimita 2 bayan inda zane ya nuna.

"Baffa, santimita biyu fa kawai," in ji matashin. "Ko faɗin babban yatsa bai kai ba. Ga shi na riga na gaya wa mutane jibi."

"Mutanen su za su riƙe maka shi a sama?" in ji dattijon.

Matashin ya kawo shawarar a ɗaura dalma a hanci, aikin minti goma. Lissafi ya nuna sai an sa kusan giram 400. Baffa ya ƙi, ya ce wanda ya auna balsa salle-salle don ya tsira da giram goma ba zai ɗora wa jirgi mataccen nauyi don kunyar 'yan kallo ba. Ya ce a matsar da abin da ke ciki. A daren nan matashin ya fita daga zauren ransa a ɓace, yana ganin tsufa ne da tsoro suka haɗu suka tare masa hanya. Sai da ya kwanta fuskar mai tallar gyaɗa ta dawo masa, ya tuna cewa wancan jirgin ko kilo uku bai kai ba. Da asuba ya aika wa waɗanda ya gayyata cewa an ɗaga.

Gyaran ya ci kwana tara. Batura biyu masu nauyin giram 400 aka matsar gaba da santimita 35. Sarbon leɓen tsaye, mai giram 80, aka ciro daga jela aka dawo da shi tsakiyar jirgi, ya riƙa jan leɓen da siraran wayoyi biyu kamar linzamin doki. Da aka sake ɗora jirgin a sikeli, cibiyar ta zauna a kan alama, nauyi kuma bai ƙaru ba.

Ranar tashi da sassafe suka isa gonar, kafin iska ta motsa. An ja igiya an tsayar da yara can bayanta, an sa manya biyu su kula. Matashin ya rage ƙarfin rimot ya yi taku talatin baya, ya tabbatar laɓɓa suna amsawa, ya tsaya bayan jirgin ya duba cewa kowanne yana motsi ta inda ya dace, domin leɓen fiffike da aka haɗa a juye ya kashe jirage da yawa a tashin farko. Da aka tayar da inji, aikin ya koma hannun Baffa. Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, ga zafi, don haka iskarta ba ta kai kaurin wadda aka saita kafireta da ita a masana'anta ba. Dattijon ya karkata kunne ya ce man ya yi yawa, a murɗa allura kaurin bakin sukundireba. Aka murɗa, ya saurara, ya ce a ƙara rabin haka, sannan ya ce a bari, gara ya ɗan fi shan mai da ya ƙone.

Jirgin ya yi gudu kamar mita talatin ya rabu da ƙasa. Gwiwoyin matashin suna rawa, amma jirgin bai yi rawa ba. Ya hau a miƙe, ya juyo, ya ratsa sararin gonar kamar an ja layi. A nan ne wani abu ya bayyana wanda matashin bai zata ba: duk awon da aka yi a zaure iyakarsa ya kai jirgi sama lafiya, sauran daidaitawar kuwa babu sikelin da zai yi ta sai ido. Ya hau da shi a karkace, ya kifar da shi, ya saki sanda ya zuba ido. Da ya ci gaba da hawa a kife, da jela ta yi nauyi. Da ya faɗo da sauri, da hanci ne. Sai ga shi yana sunkuyowa sannu a hankali, alamar cibiya ta zauna. Ya miƙar da shi tsaye da cikakken wuta, ya ga can ƙarshen hawan hanci yana ɗan zamewa hagu.

"Me ka gani, ɗana?" in ji Baffa, wanda ke zaune a kujera yana bin ƙarar da kunne.

"Yana ɗan jan hagu in ya miƙe, Baffa."

"Kamar nawa?"

Matashin ya yi jim, ya ce, "Kaɗan ne. Bai kai digiri biyar ba."

"To, na yarda," in ji dattijon. Wannan ne karo na farko cikin wata goma sha huɗu da ya karɓi kima daga bakinsa ba tare da ya ce a kawo ma'auni ba.

Karin maganar ba ta yi ƙarya ba, sai dai akwai sharaɗin da ba ta faɗa ba. Idon da ya san kima shi ne wanda ya daɗe yana kallon mudu ana cikawa ana sharewa. Mai awon hatsi da ke duban buhu ya faɗi abin da ke ciki ya auna dubbai kafin nan. Idon da ya jefa ƙaramin jirgi kusa da yara da idon da ya hango zamewar digiri kaɗan daga nisan mita ɗari biyu na mutum ɗaya ne. Abin da ya shiga tsakaninsu littafi ne da ya cika da lambobi.

Bayan minti bakwai ya rage wuta ya jero jirgin da iska, tayoyi suka taɓa ƙasa suka tayar da 'yar ƙura, yara suka kaure da sowa daga bayan igiya. Baffa ya sa aka turo masa jirgin, ya shafa kan silinda biyun ya ji zafinsu, ya girgiza kowane leɓe, ya bi notocin salansa ɗaya-ɗaya. Sannan ya ce a buɗe littafi a rubuta kwanan wata, da tsawon tashi, da man da ya rage a tanki, da abin da batir ya ci. A ƙarƙashi aka rubuta gyara guda ɗaya tak, domin ƙa'idarsa ita ce ba a canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba: a ƙara wasa ɗaya siririya a bayan inji ta ɓangaren hagu, a sake gwadawa Asabar mai zuwa.